Makomar ƙungiyoyin ƙwallon jami'o'in Amurka bayan sun koma rukunin manya

A ranar 8 ga Oktoban 2016, ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Michigan ta kai ziyara Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey a Amurka, ta lallasa ta da maki 78 da nema a gaban magoya bayanta. A tsawon wasan, yadi 39 kacal 'yan wasan Rutgers suka iya matsawa gaba da ƙwallo. Mako guda kafin nan Ohio State ta ba su kashi da 58 da nema, kuma kafin kakar ta ƙare Michigan State da Penn State sun ƙara musu da 49 da 39, duk da nema. Maki 224 ke nan a wasanni huɗu, ba tare da Rutgers ta samu ko ɗaya ba.

Rutgers ba baƙuwa ba ce a fagen. Ita da Princeton ne suka buga wasan farko na ƙwallo tsakanin jami'o'i a Amurka, a shekarar 1869. Abin da ya same ta shi ne, a 2014 ta bar rukunin da take fafatawa da sa'o'inta ta koma Big Ten, ɗaya daga cikin rukunai biyu mafiya ƙarfi da arziki a ƙasar. Tun daga farkon shekarun 2010 jami'o'i da dama suka yi irin wannan ƙaura, kuma sakamakon da suka samu ya isa a duba a ga mene ne ke raba waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu da waɗanda suka durƙushe.

Gasar da ba a faɗowa

Wasan da ake magana a kai shi ne wanda Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, alhali ya fi kusa da zari-ruga: mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, ana jifa da ƙwallo ana kuma ruga da ita. A matakin jami'o'i yana da farin jinin da ke ba baƙo mamaki. Filin wasan Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. Akwai jami'o'i sama da 130 a babban aji, kowace tana buga wasanni 12 tsakanin ƙarshen Agusta da ƙarshen Nuwamba, takwas ko tara daga ciki da abokan rukuninta.

Mai bin gasar Firimiyar Ingila ko ta Najeriya ya saba da tsarin hawa da faɗowa: ƙungiyar da ta yi ƙoƙari a ƙaramin aji ta hau, wadda ta gaza a babba ta sauko. Babu wannan a ƙwallon jami'o'in Amurka. Rukuni ƙawance ne na jami'o'i da ke sayar da haƙƙin nuna wasanninsu ga gidajen talabijin su raba kuɗin, kuma shugabannin jami'o'in ne ke kaɗa ƙuri'a a gayyaci sabuwar mamba. Sau da yawa abin da ake dubawa ba ƙarfin ƙungiya ba ne, yawan masu kallon da za ta jawo ne. Rutgers tana kusa da birnin New York, Maryland kuma tana kusa da Washington, shi ya sa Big Ten ta ɗauke su tare.

Kuɗin ba na wasa ba ne. A 2022 Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC ta fiye da dala biliyan bakwai. Rukunin SEC, wanda ke kudu maso gabashin ƙasar, yana da tasa yarjejeniyar ta shekara goma da ESPN. Saboda haka shugaban jami'ar da aka yi wa tayi ba ya jinkiri. Sai dai tsarin yana da wani ɓangare mai ɗaci: a Ingila ƙungiyar da ruwa ya fi ƙarfinta takan koma ƙasa ta sake shiri, a nan kuwa wadda ta shiga ta shiga ke nan, za ta ci gaba da haɗuwa da waɗanda suka fi ƙarfinta kowace shekara.

Shekaru biyu ko uku na wahala

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na Utah da TCU, domin dukansu sun shigo ne daga ƙaramin rukuni guda, Mountain West, kuma dukansu sun shigo da tutiya. Utah ta kammala kakar 2008 da nasara 13 ba tare da an ci ta ba, har ta doke Alabama da 31 da 17 a wasan rufe kaka. TCU, wata jami'a mai zaman kanta a birnin Fort Worth na jihar Texas, ita ma ta ci wasanninta 13 duka a 2010, ta ƙare da doke Wisconsin da 21 da 19. Babu mai cewa ba su cancanci zama da manya ba.

Da Utah ta shiga Pac-12 a 2011, ta ci wasa takwas ta sha kashi a biyar. A 2012 da 2013 kuwa wasa biyar-biyar ta ci, aka doke ta sau bakwai-bakwai, kuma nasarorinta a cikin rukunin suka riƙa raguwa daga huɗu zuwa uku zuwa biyu. TCU ta shiga Big 12 a 2012, ta ci bakwai ta faɗi shida, a shekara ta biyu ta ci huɗu kacal cikin 12.

Dalilin yana cikin yanayin wasan kansa. Ƙungiya mai kyau daga ƙaramin rukuni tana iya tara 'yan wasa 22 na farko da za su yi gogayya da kowa a wasa guda, musamman idan an ba ta makonni ta shirya. Amma doke Alabama sau ɗaya a watan Janairu daban ne da haɗuwa da ƙarti irin nata mako bayan mako. Wasa ne na karo da gwabzawa, ba a raba shi da rauni, kuma zuwa watan Nuwamba kusan kowace ƙungiya ta rasa wasu daga cikin zaratanta. A nan ne bambanci ke fitowa fili. Idan ɗan sahun gaba mai nauyin kilo 135 ya ji rauni a babbar jami'a, akwai wani irinsa a benci. A ƙungiyar da ba ta daɗe da hawowa ba, wanda zai maye gurbinsa sau da yawa yaro ne ɗan shekara 18 da jikinsa bai gama ginuwa ba. Masu gudu da masu cafke ƙwallo ana samun su ko'ina; manyan ƙartin da ke tsayawa a sahun gaba su ne ke da wuyar samu, kuma manyan jami'o'i ne ke kwashe su tun daga makarantun sakandare.

Gyaran wannan gibi a wancan zamani yana ɗaukar lokaci, domin sai an ɗauko yara daga sakandare an raine su shekara uku zuwa huɗu. Abin da ƙaurar ke bayarwa shi ne damar shiga gidan yaron da a da ba zai saurari tayin ƙaramar jami'a ba. Utah da TCU sun yi abin da ba kowa ke da haƙurin yi ba: ba su kori masu horar da su ba. Kyle Whittingham, wanda ya karɓi ragamar Utah a 2005, ya ci gaba da aikinsa duk da kakar asara biyu a jere, haka ma Gary Patterson a TCU. A 2014 TCU ta ci wasa 12 cikin 13, ta raba kambin Big 12 da Baylor. Utah ta fi tafiyar hawainiya. Ta kai wasan ƙarshe na Pac-12 a 2018 da 2019 ta faɗi, sannan ta ɗauki kofin a 2021 da 2022, shekara goma cif bayan shigarta. TCU kuwa, a ƙarƙashin sabon koci Sonny Dykes, ta kai har wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2023, inda Georgia ta ragargaza ta da 65 da 7. Wannan sakamako ya nuna tsawon tafiyar da ta yi, ya kuma nuna abin da ya rage tsakaninta da ƙololuwa.

Tarihi ya maimaita kansa a 2023, lokacin da BYU da Cincinnati da Houston da UCF suka shiga Big 12. Cikin wasanni 36 da suka buga a rukunin a shekarar farko, takwas kawai suka ci a haɗe. Cincinnati, wadda shekara biyu kafin nan ta kasance cikin ƙungiyoyi huɗu da suka yi takarar kofin ƙasa, ta ƙare da nasara uku da asara tara. A nata ɓangaren akwai ƙarin dalili, domin kocin da ya gina ta, Luke Fickell, ya koma Wisconsin gab da ƙaurar. BYU ta farfaɗo da wuri, ta ci wasa 11 a 2024.

Shekarar farko takan yaudari mai kallo

Akwai kuma waɗanda suka shigo da ƙafar dama har aka ɗauka sun gama da komai. Texas A&M ta shiga SEC a 2012 ana yi mata hasashen shan wuya, sai ga ta da nasara 11 da asara biyu. Ta bi Alabama, wadda ke matsayi na ɗaya a ƙasar, har gida ta doke ta da 29 da 24, kuma madugun harinta Johnny Manziel ya zama ɗalibi na farko da ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasa a kakarsa ta farko ta buga wasa. Sai dai madugu ɗalibi ne, ba ya wuce 'yan shekaru. Bayan tafiyarsa ƙungiyar ta koma cin wasa takwas a shekara. Jami'ar ta ɗauko Jimbo Fisher a ƙarshen 2017 kan kwantiragin dala miliyan 75 na shekara goma, ta sallame shi a Nuwamban 2023 da alƙawarin biyansa fiye da dala miliyan 75 na sallama. Har zuwa ƙarshen kakar 2024, A&M ba ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe na SEC ba.

Missouri, wadda suka shiga tare, ta bi hanya ta daban. Ta fara da nasara biyar da asara bakwai, aka ce an faɗa, sai ta ɗauki kambin shiyyar gabas ta SEC a 2013 da 2014 a jere. Adalci ya sa a ambaci cewa a lokacin manyan shiyyar, Florida da Tennessee, suna cikin rauni, kuma a wasan ƙarshe Auburn ta ci ta da 59 da 42, Alabama kuma da 42 da 13. Duk da haka Missouri ta yi abin da maƙwabciyarta mai ninkin arzikinta ba ta yi ba.

West Virginia ta fi kowa nuna yadda farkon kaka ke ruɗi. Ta ci wasanninta biyar na farko a 2012, ciki har da wani da ta doke Baylor da 70 da 63, sannan aka doke ta sau biyar a jere.

Nebraska da waɗanda ba su dawo ba

Idan ana maganar illar sauya rukuni, sunan da ake fara kira shi ne Nebraska. Jami'a ce mai kofin ƙasa biyar, a 1970 da 1971 da 1994 da 1995 da 1997. Ta bar Big 12 ta shiga Big Ten a 2011. Shekaru huɗu na farko ba su yi muni ba, tana cin wasa tara ko goma, har ta kai wasan ƙarshe na rukunin a 2012, inda Wisconsin ta yi mata kaca-kaca da 70 da 31. Hukumomin jami'ar suka ga wasa tara bai dace da sunansu ba, suka kori koci Bo Pelini a ƙarshen 2014. Daga 2017 zuwa 2023, kaka bakwai a jere, asarar Nebraska ta fi nasararta yawa.

Masu sharhi da dama na danganta haka da rabuwa da jihar Texas. A Big 12 Nebraska tana zuwa can wasa a kai a kai, iyayen yara suna ganin ta, tana kuma ɗauko 'yan wasa daga ɗaya daga cikin jihohin da suka fi kowace samar da su. Jihar Nebraska mai mutum kusan miliyan biyu ba ta iya ciyar da babbar ƙungiya da yaranta kaɗai. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta ɗauke nauyin duka ba. Rabon Nebraska da kambin rukuni tun 1999, shekara 12 kafin ƙaurar, kuma sauyin masu horarwa da aka yi ta yi ya lalata fiye da abin da jadawalin wasa ya lalata. Ƙaura ta tarar da gini ne da ya riga ya fara tsagewa.

Arkansas da South Carolina sun shiga SEC tun 1992. Fiye da shekara 30 ke nan babu wadda ta ɗauki kofin rukunin a cikinsu, ko da yake Arkansas ta kai wasan ƙarshe sau uku, South Carolina sau ɗaya a 2010. Miami, wadda ta ci kofin ƙasa a 2001, ta koma ACC a 2004 ana zaton za ta mamaye shi, amma Virginia Tech da suka shiga tare ce ta ɗauki kambin a shekarar farko. Rutgers kuwa ta jera asara 21 a wasannin Big Ten kafin ta karya ƙofar da doke Michigan State a Oktoban 2020. Ta ɗan miƙe daga baya, da nasara bakwai-bakwai a 2023 da 2024.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sabuwar mamba ba ta samun cikakken kaso nan take. Rutgers da Maryland sun shafe shekaru suna karɓar ƙasa da abin da tsofaffin mambobi ke karɓa, har suka ci bashi daga kason da za su samu a gaba. Maryland ta kuma biya ACC kimanin dala miliyan 31 kafin ta fita. Wato a daidai lokacin da suka fi buƙatar kuɗi don su kamo abokan karawarsu, a lokacin ne aljihunsu ya fi zama fayau.

Babbar ƙaurar 2024

A 2024 aka yi sauyin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Texas da Oklahoma suka koma SEC bayan sun amince su bar wa Big 12 dala miliyan 100 domin su fita shekara guda kafin wa'adi. USC da UCLA da Oregon da Washington suka bar gaɓar tekun yamma suka shiga Big Ten. Stanford da California da SMU suka shiga ACC. A shekarar ce kuma aka faɗaɗa gasar kofin ƙasa daga ƙungiyoyi huɗu zuwa 12.

Oregon ta ci wasanninta 13 duka, ta ɗauki kofin Big Ten a shekarar farko bayan ta doke Penn State da 45 da 37, kafin Ohio State ta fitar da ita daga gasar ƙasa da 41 da 21. Texas ta kai wasan ƙarshe na SEC, Georgia ta doke ta da ƙyar da 22 da 19 bayan ƙarin lokaci, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa. Waɗannan biyu sun shigo ne da benci irin na manya, don haka matsalar da ta addabi Utah da TCU ba ta shafe su ba. Oregon tana da goyon bayan Phil Knight, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike, Texas kuwa tana cikin jami'o'in da sashen wasanninsu ya fi kowane samun kuɗi.

Sauran ba su ji da daɗi ba. Oklahoma, wadda ta ɗauki kambin Big 12 sau shida a jere daga 2015 zuwa 2020, wasa biyu kawai ta ci cikin takwas a SEC. Washington ta buga wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024, kocinta Kalen DeBoer ya koma Alabama, manyan 'yan wasanta suka watse, ta ƙare kakarta ta farko a Big Ten da nasara shida da asara bakwai. Ta ci duk wasanninta a filinta, ta faɗi duk wasanni biyar da ta buga a gidan abokan hamayya, ciki har da na Rutgers da aka tashi 21 da 18. USC ma ta sha kashi a gidan Maryland da 29 da 28. Tsakanin Los Angeles da New Jersey akwai kusan kilomita 4,000 da bambancin agogo na awa uku. 'Yan ƙwallon nan ma da sauƙi, tunda sau ɗaya suke wasa a mako kuma jirgin shata ke kai su. Ɗaliban da ke wasan kwando da na raga, waɗanda ke buga wasa a tsakiyar mako ga kuma darasi na jiran su, su ne ke ɗaukar nauyin shawarar da ba don su aka yanke ba.

Labarin SMU ya bambanta da na kowa. Jami'ar ta birnin Dallas ita ce aka haramta wa buga kakar 1987 baki ɗaya saboda biyan 'yan wasa kuɗi a ɓoye, ta kuma shafe shekaru fiye da 20 kafin ta farfaɗo. Domin ACC ta karɓe ta, ta yarda ta haƙura da kason kuɗin talabijin na shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta kuma suka tara dala miliyan 100 cikin mako guda. A shekarar farko ta ci wasanninta takwas duka a rukunin, Clemson ta doke ta da 34 da 31 a wasan ƙarshe, ta kuma samu gurbi a gasar ƙasa.

Abin da ya sa SMU ta tsallake shekarun wahala shi ne dokokin sun sauya. Tun daga 2021 ɗan wasa yana iya komawa wata jami'a ya fara buga wasa nan take, yana kuma iya karɓar kuɗin talla da sunansa. Ƙartin da a da sai an raine su shekara huɗu, yanzu ana iya ɗauko su a shirye daga wasu jami'o'i cikin hutu guda, in dai akwai abin biya. A Yunin 2025 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Laifin da aka hukunta SMU a kansa ya zama halas. Wannan ya rage tsawon jira ga mai kuɗi, amma ƙofar da ake shigowa ta ita ake fita: ƙungiyar da ta yi kaka ɗaya mara kyau tana iya wayar gari zaratanta sun kama gabansu.

Waɗanda aka bari a baya

Lissafin bai cika ba sai an haɗa da waɗanda ba a gayyata ba, domin tsoron zama irinsu ne ke sa jami'a ta karɓi tayi ko da ta san za ta sha kashi. Oregon da Washington sun amince da kusan rabin kaso, wajen dala miliyan 30 a shekara, saboda sun ga Pac-12 na rugujewa. Rukunin da tushensa ke komawa 1915 ya wayi gari da mambobi biyu kacal, Oregon State da Washington State. Oregon State ta ci wasa takwas a 2023, kocinta Jonathan Smith ya koma Michigan State, 'yan wasa da yawa suka bi ƙofa, a 2024 ta ci biyar. Jami'o'in biyu sun riƙe sunan rukunin da kadarorinsa bayan shari'a da waɗanda suka fice, suka kuma gayyato Boise State da Colorado State da Fresno State da San Diego State da Utah State da Texas State domin sake kafa shi daga Yulin 2026. Biyar na farko sun fito ne daga Mountain West, rukunin da Utah da TCU suka baro.